Shanyar Inna

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu na Daudawa ba a ɗaukar kunyar ɗan fari da wasa. Tun da na buɗe ido a ɗakin kakata na gan ni, ita ta yaye ni, ita ta goya ni. Inna, wadda ta haife ni, ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta kuma taɓa dubana ido cikin ido ta ce mani ci kanka ba. Idan tana son in ci tuwo sai ta fuskanci bango ta ce, "Wai ba a jin yunwa ne a gidan nan?" Da ƙanwata ta yi wayo sai ta zama 'yar aike tsakaninmu. "Ki ce ma wancan ya ɗauke takalminshi daga hanya." Ni ne wancan. Yaran yanzu in na ba su labari sai su ce ai wannan rashin so ne. Ba rashin so ba ne, haka muka tarar, kuma ban taɓa kwana da yunwa a gidan ba.

Shekarun da kuɗin man fetur suka yi wa ƙasar nan ambaliya, gwamnati neman wanda za ta tura karatu waje take yi kamar mai neman 'yan ƙodago ranar girbi. Ni kuwa na gama digiri a lissafi, ina zaune ina jiran abin yi, sai aka kwashe mu. Abin da na so in karanta shi ne harkar madatsun ruwa, don na ga yadda rani ke wahalar da mutanenmu. Da na isa can ƙasar sanyi sai aka ce malamin madatsun ruwa ɗalibai sun yi mashi yawa. Wanda ke da gurbi shi ne wani dattijon Bature mai yawan tari, shi kuma aikinshi binciken ƙanƙara. Na ce to, ai ita ma ruwa ce. Haka ɗan Daudawa, wanda ƙanƙarar da ya sani ba ta wuce wadda ke faɗowa da hadari ta ɓata auduga ba, ya shiga harkar da bai taɓa mafarki ba.

Bari in yi bayanin aikin yadda zan iya, don na sha yi ana kallona kamar mai sambatu. A can ƙuryar kudancin duniya akwai ƙasa guda da ƙanƙara ta binne, kaurinta ya fi tsawon duk duwatsun Faskari in an ɗora su kan juna. Ƙanƙarar nan ba a tsaye take ba, tana rarrafe a hankali zuwa teku. Idan ta isa ba ta karyewa nan take, sai ta miƙe a kan ruwa tana yawo, amma gindinta na nan manne da ta tudu. Kamar ka shimfiɗa zana a bakin tafki, rabi a gaɓa rabi a kan ruwa. Wadda ke kan ruwan nan ita ke tokare ta baya, ta hana ta kwararowa. To akwai wurin da ƙanƙarar ke barin ƙasa ta hau ruwa, mu iyaka muke ce mashi. Tambayar malamina ita ce: idan teku ta ƙara tashi ta ɗaga shimfiɗar nan, iyakar za ta ja baya kaɗan ta tsaya, ko kuwa in ta fara ja da baya ba ta da birki? Shi ya taɓa zuwa wurin, ya auno zurfin ƙanƙarar, ya baro wasu yatsun ƙafarshi a can. Ni aikina in koya wa kwamfuta ta yi lissafin.

Kwamfutar lokacin ba irin ta aljihun jikokina ba ce. Ɗaki guda ta cika, kuma ba a barinka ka gan ta ma, sai ta taga. Kana son yi mata magana sai da kati. Katin takarda ne mai ɗan kauri, tsawonshi bai kai tafin hannu da yatsu biyu ba, ka zauna gaban wani inji mai ƙara kana bugawa yana huda shi. Kati ɗaya, layi ɗaya na umarni. Hujin nan shi ne rubutun. Ka jera su bi da bi, ka miƙa ta taga, ka tafi ka dawo gobe. Idan ka yi kuskuren huda ɗaya, ko kati ɗaya ya shiga gaban ɗan'uwanshi, sai a miƙo maka faffaɗar takarda da ke cewa ba ta gane ba. Don haka kowa ke ɗaukar alƙalami mai kauri ya ja layi a karkace a bisa bakin jerin katunanshi, yadda in sun zube zai bi layin ya mayar da kowane mazauninshi. Na ga ƙato da gemu ya durƙusa a matakala yana kuka don kwalinshi ya kife.

Shekaru na yi a haka. In fita da duhu in dawo da duhu, ƙafa ta yi sanyi, ciki ba tuwo, dankali dai, dankali dai. Wallahi na gaji tun a can. Amma daga ƙarshe abin ya fara jin magana. Ranar da ba na mantawa, na ɗaga teku kamu guda a cikin lissafin, na miƙa, na dawo na karɓi takarda. Iyakar ta fara ja da baya. Na buɗe shafi na gaba, tana ja. Na gaba, tana ja. Sai kawai takardar ta ƙare, don lokacin da aka yanka mani a kan injin ya cika, ya datse aikin a tsakiya. Ban san ko ta tsaya ba. Malamina ya daɗe yana kallon shafin ƙarshe, ya yi tarinshi, ya ce da ni, "Ka kusa. A sake sakawa a ba ta lokaci mai tsawo, mu ga inda za ta kwana."

Ba a sake sakawa ba. A makon nan waya ta iso cewa Baba ya rasu, har an yi bakwai. Kafin in gama haɗiye wannan, ofishin da ke biyan karatunmu ya ce tunda zan zo gida in zo gaba ɗaya, ai yanzu mu ma mun sayi kwamfuta a wata jami'a ta nan Arewa, in ƙarasa a gida in aika wa malamina sakamakon. Lokacin kowa ji yake babu abin da kuɗi ba za su saya ba.

Na zuba littattafaina da duk faffaɗan takardun da injin ya buga mani, waɗanda ke ɗauke da kwafin aikin, a cikin adaka na sa a jirgin ruwa. Shekarar ce jiragen siminti suka toshe tashar Ikko, suka yi layi a kan teku wata da watanni. Adakar nan har yau tana hanya. Katunan kuwa, dogayen kwalaye biyu, ban yarda sun bar hannuna ba. A cinyata suka hau jirgin sama, a cinyata suka shiga motar Funtuwa, a cinyata suka iso Daudawa cikin damina. Duk abin da na wahala a kai, da digirin da nake nema, da amsar tambayar dattijon nan, suna cikin kwalayen nan biyu, kuma babu wasu a duniya.

Na tarar da Inna cikin takaba. Na durƙusa a bakin ƙofarta na yi gaisuwa, na yi ta'aziyya. Tana zaune a kan tabarma ta juya kai gefe. Ta rame. Ta ce da ƙanwata, wadda ta baro gidan mijinta ta zo zaman takaba da ita, "Ki ce ya sha ruwa." Shi ke nan maraba da na samu bayan shekaru, kuma na gane ta, maraba ce babba.

Ɗakin da aka sauke ni na ƙasa ne, yana yoyo ta kusurwa, ga gara ta yi hanya a bango. Ɗakin Inna kaɗai ne mai kwano, Baba ya yi mata shi da kuɗin auduga kafin ya kwanta. Kuma dole in fita zagaye. Wanda bai samu jana'izar ubanshi ba sai ya bi dangi gida gida, ya yi masu ta'aziyya, ya gode wa waɗanda suka tsaya. Ba a aike, ba a kuma ɗagawa. Na kira ƙanwata na miƙa mata kwalayen.

"Ki kai ɗakin Inna. Ki ce mata karatuna ne gaba ɗaya a ciki. Kada ruwa ya taɓa, kada ƙwaro ya shiga."

"To, Yaya."

Na ji ta tana maimaitawa a ciki kalma bayan kalma. Na ji Inna ta ce, "A ɗora bisa gado." Abin duniya, na yi gudun gara na faɗa gidan zago.

Na fara da Ketare, na biyo Faskari, na ƙare a Sabuwa wurin Baffa, ƙanen Baba. Ko'ina na shiga labarin ɗaya ne: wane ya samu ƙarin albashi ya sayi babur, wane ya bar gona ya tafi birni gadi, rediyo na kuka a kowane zaure. Waɗanda muka yi firamare tare suna kwangilar kwalbati, sun yi tumbi. Kowa ya tambaye ni mi na karanto, in na fara bayani sai ido ya koma kan agogona. Baffa ne kaɗai ya saurare ni har ƙarshe, muna zaune a zaurenshi ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya. Ya gyara zama ya ce,

"To in ta narke ɗin, ruwan zai iso Sabuwa?"

"Ba zai iso ba, Baffa."

"Faskari hwa?"

"Ko Ikko ce sai an jima."

"To kai mi ya dame ka?"

Na yi dariya. Ya ce ai ba komai, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ruwan nan da muke saurare kuwa shi ya cika gulbi, ya yanke hanya. Hanyar Sabuwa ko da rani ba ta da mutunci, balle da damina. Motar katako ɗaya da ke shigowa ta kafe a laka har gindi. Tafiyar da na yi niyyar kwana biyu ta cinye mako da wani abu. Ban damu sosai ba, hankalina kwance yake, tunda kayana na ɗakin Inna.

Ranar da na dawo Daudawa gari ya washe, rana ta fito tas irin wadda mata ke jira su fitar da shanya. Ina tafe a lungunmu sai na ga akuya tana tauna wani abu fari a gindin danga. Ban kula ba. Na ƙara taku sai na ga wani a ƙasa, ya yi toka-toka, ya lanƙwashe. Na duƙa na ɗauka. Kati ne. A bakinshi ga ɗigon baƙin alƙalamina.

Ban san yadda na shiga gida ba. Bayan ɗakin Inna, cikin danga, akwai wani falalen dutse da ake shanya tun zamanin kakata, kuɓewa, barkono, tsakin masara, komai a nan yake bushewa. Na tarar da shi fari fat. Katunana ne, an baza su ɗaya ɗaya, an danne da tsakuwa. Ƙanwata na tsugune tana juya su da hannu yadda ake juya hatsi. A inuwa kuma ga ƙawar Inna, wata tsohuwa daga unguwar Maguzawa wadda duk yankin an san waken rumbunta ba ya ƙwari, da faifai a cinya tana tsinta. Ta ɗaga kati ta duba a rana, ta jefa nan, ta ɗaga wani, ta jefa can. Iska duk yaji.

Tsohuwar ce ta fara ganina. Ta ce, "Sannu da hanya, ɗan nan. Kai dai ka gode Allah da ya ba ka uwa."

Ƙanwata ta taso tana share hannu a zane, fuskarta cike da labari.

"Yaya, Allah ya rufa asiri! Da mun ƙara kwana biyu ba mu duba kwalayenka ba, da ba ka tarar da komi ba."

Ta ba ni labarin tiryan-tiryan, ni kuwa ina tsaye da jaka a kafaɗa. Bayan tafiyata Inna ta ɗaga kwali ɗaya za ta kakkaɓe gado, sai ta ga wani gari-gari na zubowa ta kusurwa, 'yan mitsi-mitsin takarda. Ni na san su, ragowar huji ne da ke maƙalewa a jikin kati. Ita kuwa abin da ta sani shi ne, in buhun wake ya fara zubar da gari, an gama da shi. Ta daɗe tana zagaya kwalin, don ba ta buɗe kayan wancan. Daga baya ta buɗe. Ta zaro ɗaya, huji. Ta zaro wani, huji. Ta buɗe ɗaya kwalin, haka.

"Yaya, kuka ta fashe da shi. Ko ranar rasuwar Baba ban ga ta yi irinshi ba. Tana cewa amana ɗaya ya taɓa ba ni, ɗaya tak, ga shi a ɗakina ta lalace."

Sai aka aika aka kira tsohuwar. Suka zazzage kwalayen a tabarma suna neman ƙwaron, ba su ga ko ɗaya ba. Tsohuwar ta ce ai wanda ba a gani shi ya fi mugunta, da dare yake fita, kuma dubi yadda yake huda a jere, wannan ƙwaron Turai ne. Suka yi wa katunan abin da ake yi wa wake. Waɗanda suka fi ciwuwa, masu huji ko'ina, aka zuba a murhu don kada su shafa wa sauran. Masu dama-dama aka murje su da toka da dakakken barkono, ɗaya bayan ɗaya, ana fitar da su rana duk ranar da ba hadari. Inna da kanta ta yi murzar, ta hana kowa. Kwana da kwanaki tana yi.

Na zauna a bakin dutsen. Katin da ya fi yawan huji shi ne ya fi yawan magana. Aune-aunen malamina da na yi shekara ina tacewa, da dogayen layukan lissafin iyaka, su ne masu huji ko'ina. Su aka dafa tuwo da su. Sauran kuwa ga su nan a rana sun kakkantare, toka ta cinye layin alƙalamin, na kwali ɗaya sun gauraye da na ɗayan.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, kafin nan ko bayan nan. Maganar da ta taso mani ma da Turanci ta taso, don Hausata ba ta da irin waɗannan kalmomi ga uwa. Na buɗe baki ke nan sai na ji motsin labule.

Inna ce ta fito, da mayafin takaba. Idanunta sun yi ja, sun kumbura don yaji. Sai na ga hannuwanta: tafin ya yi jawur, yatsun sun tsattsage, toka ta shiga tsagar. Tana riƙe da wani ɗauri a cikin kallabinta na Sallah. Na zaci za ta miƙa wa ƙanwata kamar kullum. Ba ta miƙa ba. Ta tako har inda nake zaune, kanta a juye tana kallon rumbu, ta sa mani ɗaurin a hannu. Yatsunta suka taɓa nawa, da zafi kamar mai zazzaɓi. Tun da na san kaina hannunta bai taɓa taɓa ni ba sai ran nan.

Ta ce da ƙanwata, "Ki ce mashi ya yi haƙuri. Waɗanga kaɗai sunka tsira sarai. Ko huda ɗaya babu."

Na kwance kallabin. Sababbin katuna ne, waɗanda na cusa a ƙarshen kwali don jerin ya matse kada ya yi girgiza a hanya. Farare, santala-santala, babu komai a jikinsu.

Su uku suna jirana. Tsohuwar ta dakata da faifanta. Na dubi katunan, na dubi hannun Inna da ta ɓoye cikin mayafi. In na faɗi gaskiya, katin da ya ƙone ba zai dawo ba, kuma matar nan za ta kwana da sanin cewa abu ɗaya da ta taɓa yi mani a fili shi ya kashe ni. Ba wani dogon tunani na yi ba, ba kuma halin kirki ne ya motsa ni ba. Gajiya ce kawai ta sauko mani, ta danne fushin.

Na ce, "Ki ce ma Inna na gode. Allah ya saka da alheri. Waɗannan su ne masu muhimmancin."

Inna ta sauke ajiyar zuciya har ina ji. Ta juya ta koma ɗaki da sauri. Tsohuwar ta ce, "Ka gani? Toka ba ta ƙarya." Ni kuma na ajiye jaka na fita ta bayan gida, na shiga cikin dawa inda ba mai ganina, na yi kuka har na gode Allah.

Kada a ce ban gwada ba. Na tattara abin da ya rage, har waɗanda iska ta kai gonar maƙwabta, na tafi da su birni. Na kama ɗaki, na baza su a ƙasa ina karanta huji ina atishawa. Wani wurin in haɗa layi goma da suka san juna, sai in tarar da rami, abin da ke tsakani ya tafi murhu. Na rubuta wa malamina cewa katunan sun lalace a damina, ban ƙara ko kalma ba. Ya amsa da kirki, ya ce zai aiko da ainihin aune-aunen da ya yo, in sake daga farko, tunda hanyar tana cikin kaina, ba zai kai wahalar farko ba. Gaskiya ya faɗa. Na je in ga kwamfutar da aka ce an saya, na tarar da ita cikin akwatunan katako a baranda, wai ɗakin sanyin da za a sa ta ba a gama ba. Na koma bayan watanni, tana nan, kaji sun samu inuwa.

Lokacin kuma aiki ke bin mutum. Duk mai digiri ana ba shi ofis da mota da gida. Ga ƙanne a gabana, ga gonar Baba ba mai dubawa. Amma ba zan laɓe bayansu ba, da na so da na sake. Duk ranar da na zauna na ɗauki fensir in fara layin farko sai in ji kamar an ce in kwashe tafki da ludayi. Na gaji, shi ke nan. Na karɓi aiki a ma'aikata, na zauna bayan tebur ina sa hannu a fayil har gashina ya yi fari. Dattijon ya rubuto sau da yawa, na daina amsawa don kunya, daga baya na ji ya mutu.

Ranar da na fara shiga Daudawa da mota, mata suka yi guɗa. Labari ya riga ya zagaye gari cewa ƙwarin Turai sun kusa cinye karatun ɗan gidan nan, uwarshi ta ceto shi. Tsohuwar nan ta shafa jikin motar ta ce, "Albarkar toka ke nan." Inna ba ta fito ba, amma na hango labulenta ya ɗan ɗage. Ƙanwata ce kaɗai ta taɓa shinshino wani abu. Bayan shekaru ta ga irin katin a wani ofis da ta raka mijinta, ana aiki da shi da hujinshi. Ta same ni ta ce, "Yaya, wai hujin nan..." Na ce, "Ki bar maganar." Ta dafe baki, ta zauna a ƙasa. Ba ta sake tayarwa ba, kuma ta riƙe sirrin.

Yanzu nakan ji a rediyo ana maganar ƙanƙarar kudu, wai tana ja da baya, wai masana sun saka a kwamfuta sun gani. Nakan ƙara murya in saurara ko za su ce tana tsayawa. Ba sa faɗa kai tsaye, su ma kamar takardarsu a tsakiya take ƙarewa. Sai in kashe in tafi masallaci.

Inna ta yi tsawon rai. A ciwonta na ƙarshe ido ya tafi, jiki ya zama kamar kara. Wata ranar da hantsi ina zaune a bakin gadonta, gadon nan dai na ƙarfe, ƙanwata ta fita ɗebo ruwan zafi. Muka rage mu biyu, babu wanda za a aika. Na ga bakinta na motsi. Ta juya kai wajen bango yadda ta saba, ta daɗe, sai kuma ta juyo da fuskarta inda take jin numfashina.

"Kai," ta ce.

Na kusa shekara sittin a duniya, ran nan ta fara ce mani kai.

"Na'am, Inna."

"Ƙwarin nan ba su koma ba ko?"

"Ba su koma ba, Inna."

"Karatun ya ƙare lahiya?"

"Lafiya lau ya ƙare."

Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Alhamdu lillahi. Shi kaɗai na taɓa yi maka da hannuna."

Ƙanwata ta shigo da buta, Inna ta saki hannuna da sauri ta mayar da kai bango. Ba ta ƙara yi mani magana ba har ta cika.

Katunan da suka sha toka na zubar da su tuntuni, wajen wata ƙaura. Fararen suna nan cikin kallabinta, a ƙasan akwatina. Ban taɓa huda ko ɗaya ba. Har yanzu in na kwance ɗaurin sai na yi atishawa.